Tseren Motoci Cikin Gari: Hanyar Ta Wa Ce?

Samarinmu na Gaya sun saba kallon tseren motoci a talabijin da cikin wayar salula. Mota ce ƙarama mai faɗin ƙafafu, tana ratsa tsakanin gidaje kamar an harba kibiya. Mai ba da labari yana ta ɗaga murya, yana kiran sunan direba, yana yi masa kirari. Yaro ya gama kallo, ya fito, ya hau babur ɗinsa na kabu-kabu, shi ma ya murɗa hannu.

Wannan wasa ya haura shekara 100 ana yin sa. An rubuta littattafai a kansa, an yi finafinai. Amma masu ba da tarihinsa rabi suke bayarwa. Sukan faɗi wanda ya ci, da irin motarsa, da mintin da ya ɗauka. Ba su cika faɗin ko hanyar ta wa ce ba, ko kuwa an tambayi masu ita kafin a yi gudu a kanta. To, rabin nan da ake bari shi ne namu, don mu ne masu tafiya ƙasa, mu ne masu jaki da amalanke. Shi za mu duba.

Yadda abin ya soma

Mota ba ta daɗe da fitowa ba Turawa suka shiga tsere da ita. Da fari daga gari zuwa gari suke yi, bisa hanyar kowa da kowa. A watan Mayu na 1903 aka shirya wani babba, daga Paris zuwa Madrid ta ƙasar Sifen. Hanya ba kwalta, ƙura ta turnuƙe, jama'a sun cika gefe suna kallon abin mamaki. Kafin rana ta faɗi mutum wajen takwas sun mutu, akwai masu tsere, akwai ƴan kallo. Gwamnatin Faransa ta ce a tsaya nan garin Bordo. Ba a ko bar motocin su koma da kansu ba, a jirgin ƙasa aka loda su.

Daga nan masu shirya tsere suka karkata ga wata dabara. A sami hanya gajera mai zagayowa, a rufe ta, motoci su yi ta kewayawa har adadi ya cika. Wadda ta fi suna cikin irin waɗannan hanyoyi ita ce ta Monako.

Monako ƙasa ce, amma gari guda ce tak, a bakin teku, ƙasar Faransa ta kewaye ta. Gonakin ƙauye guda a nan sun fi ta fili. Mutanenta ba su cika dubu 40 ba. Masu motocin garin suna da ƙungiya, suna son a san da su a duniya. Aka ce musu sai in suna da tsere a cikin ƙasarsu. Ƙasar kuwa ba daji, ba fage, sai titi da gidaje da dutse. Wani ɗan garin mai suna Antoni Noges ya ce to, a yi shi bisa titin. Magana ta kai gaban sarkinsu, Luwi na Biyu, sarki ya yarda.

Ran 14 ga Afrilu 1929 aka yi na farko. Motoci 16 ne, zagaye 100, kowane zagaye kilomita 3 da ɗan kai. Wani mai suna Wiliyams ya ci da mota ƙirar Bugatti, bayan awa huɗu ba kaɗan. In aka raba, kilomita 80 ke nan a awa guda. Ku riƙe wannan lamba. Motar haya da ke ɗauko mu daga Doso takan wuce haka, ga ta cike da mutane da buhuna, ba kuwa wanda ya rufe mata hanya.

Har yanzu ana yin tseren. Zagaye 78 ake yi, jimla kilomita wajen 260. Ni ba na cikin masu yi masa kirari. Wasan masu kuɗi ne, attajirai na zaune cikin jiragen ruwansu suna kallo. Titin ga ƙunci, wuce mota sai da wahala. Sau da yawa wanda ya tashi a gaba shi ke isa a gaba, mai kallo har ya soma gyangyaɗi.

An kuma yi hasara. A 1955 wani gwanin direba ɗan Italiya, Alberto Askari, ya kuskure kwana, shi da mota suka faɗa teku. Aka tsamo shi da rai. Kwana huɗu bayan haka ya mutu a wani filin tsere a ƙasarsu. A 1962 ƙafar mota ta ɓalle, ta kashe ɗaya daga cikin masu tsaron hanya. A 1967 motar Lorenzo Bandini ta kife bisa damman ciyawa da ake jerawa a gefe don su tare mota. Wuta ta kama, ciyawa ta ƙara mata ƙarfi. Kwana uku ya yi a asibiti ya cika.

Amma ku ga abin da ya biyo baya. Aka daina jera ciyawa, aka koma shingen ƙarfe. Aka rage zagaye daga 100 zuwa 80. A yau sai an yi sati wajen shida ana kafa shinge da wuraren zama kafin a tashi mota guda, a yi sati uku ana kwashewa. Duk wannan don titi na kilomita 3! Ɗaruruwan mutane na tsaye da tutoci da kayan kashe wuta, ga likitoci na jira. Kowa a garin ya san ranar tun da watanni. Mai son kallo ya sayi tikiti ya zauna bayan shinge. Wanda ba ya so ya kulle gidansa ya yi balaguro, ko ya ba baƙi hayar barandarsa ya karɓi kuɗi. Da yamma a buɗe titi, jama'a su ci gaba da sha'aninsu. Garin ne ya kira tseren, garin ne ke cin ribarsa, garin ne kuma ke da ikon cewa ya isa. Wannan shi ne abin da ya sa tseren ya daɗe, ba jarumtar direbobi ba. Masu finafinai ba su nuna mana masu ɗaure ƙusoshin shinge, don ba sa burge kowa.

Italiya ce ta daɗe tana riƙe da tsohon salo. Suna da wani tsere da suke kira Mil Dubu, kilomita wajen 1,600, yana ratsa birane da ƙauyuka. A 1957 tayar wata Ferrari ta fashe kusa da ƙauyen Gidizolo. Mota ta yi cikin mutane. Direba da abokin tafiyarsa suka mutu, ƴan kallo tara suka mutu, biyar daga cikinsu yara ne. Gwamnati ta hana. Tun daga ranar ba a sake yin sa a matsayin tseren gudu ba.

Sai aka kawo mana shi

Shekara 21 bayan haka, irin tseren nan da Turai ta ƙi ya sami sabon gida. Wani saurayi Bafaranshe mai suna Tiyeri Sabin ya shiga tsere daga Abijan zuwa Nis a 1977, bisa babur. Ya ɓace cikin hamada can wajen iyakar Nijar da Libiya, da ƙyar aka gano shi da rai. Maimakon ya ji tsoron hamada, sai ta shiga ransa. Ya koma gida ya shirya nasa tseren.

Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris. Suka ƙetare teku, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Agadas, suka sauka Yamai, suka wuce Gawo da Bamako. Ran 14 ga Janairu 1979 guda 74 suka isa Dakar. Tun a karon nan na farko wani mai babur ya faɗi kusa da Agadas, daga baya ya mutu. Wannan shi ne Paris-Dakar da dattawanmu suka riƙa ji a rediyo kowane watan Janairu.

Masu ba da tarihin Paris-Dakar suna son kalmar hamada. In ka kalli finafinansu sai ka ce daga Aljeriya har Dakar ba kowa, sai rairayi da rana. Ba haka ba ne. Akwai rijiyoyi, akwai makiyaya, akwai ayarin raƙuma masu zuwa Bilma ɗauko gishiri. Da an fito Tenere kuwa ƙauyuka ne da kasuwanni. Abin da direba ya gani a taswirarsa kamar fili, hanyar rijiya ce ta wata mata mai tulu bisa kai. Titin kilomita 3 yana rufuwa. Hanyar kilomita dubu 10 wa zai rufe ta? Ba shinge, ba mai tuta. Yaro ya ji ƙara, ya fito da gudu don ya gani, kamar yadda kowane yaro zai yi.

A 1988 mutum shida suka mutu, uku masu tsere, uku mutanen gari. Wata babbar mota mai inji biyu ta yi ta jujjuyawa a Tenere, mutum guda ya mutu a ciki. A garin Kita na Mali mota ta buge wata yarinya ƴar shekara 10. A Murtaniya motar masu ɗaukar hoto ta kashe uwa da ƴarta. Tsere bai tsaya ba. A 2006 aka buge yaro a Gine, washegari aka buge wani a Senegal, dukansu suka mutu. Abin da aka yi musu na juyayi shi ne an fasa ƙidayar lokaci a rana ta ƙarshe. Ku tuna, yara biyar na Gidizolo sun isa rufe tseren Italiya har abada. Direbobin da suka mutu a Paris-Dakar an jera sunayensu tsaf, da rana da wuri. Mutanen ƙauye kuwa ba a riƙe lissafinsu haka ba.

Kada mu ci zalin tarihi, tseren ya kawo kuɗi. Agadas ta amfana. Makanikai sun samu, masu masauki sun samu, maƙeran azurfa sun sayar da kayansu, jagororin hamada sun yi suna. Mano Dayak, ɗan Abzin, yana cikin waɗanda suka yi aiki da Sabin, ya kuma jawo masu yawon buɗe ido. Daga baya an sa dokar rage gudu cikin ƙauyuka. An raba famfunan ruwa a wasu wurare. Aikin famfunan nan ne ya kawo wani mawaƙin Faransa mai suna Daniyel Balabwan a 1986. Ran 14 ga Janairu na shekarar, ranar da tseren ya bar Yamai, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da su a Mali, shi da Sabin da wasu mutum uku, ba wanda ya fita. Aka ƙone gawar Sabin yadda wasu Turawa ke yi, aka watsa tokar a gindin wata bishiya a Tenere. Har yau ana kiran bishiyar da sunansa.

Kada a haɗa ta da tsohuwar Bishiyar Tenere. Waccan ita kaɗai ce tsaye cikin ɗaruruwan kilomita na rairayi, amma duk da haka wani direban babbar mota ya same ta ya ture a 1973. Itacenta na nan a gidan tarihi na Yamai. In bishiya guda cikin hamada ba ta tsira daga direba ba, ina ga ɗan akuya a bakin kwalta?

To, amma kasuwar kwana biyu a shekara ba ta biyan ran ɗan mutum. Kuma mu a Gaya muna da abin tunawa. A 1984 damina ba ta yi ba. Nijeriya ta rufe iyakarta a watan Afrilu na shekarar, shi ya sa mutane ke kiran yunwar El-Buhari. Hatsi daga Kamba sai ta daji, sai da dare. Tiyar gero ta gagari magidanci. A cikin wannan hali tseren bai fasa ba ko shekara guda. Motoci suna ƙetare iyakokin ƙasashe a guje, jiragen sama na biye da su da abinci da mai da likitoci. Buhun hatsi bai sami hanya ba, motar wasa ta samu.

Sai yaushe masu tseren suka tsaya? Sai ran da abin ya taɓa nasu ran. A watan Janairu na 2000 tseren ya tashi daga Dakar zai je Alƙahira. Da suka iso Yamai aka ce musu ƴan bindiga na jiran su a arewa. Nan take aka soke duk sauran tafiyar cikin Nijar. Aka ɗauko manyan jiragen kaya ƙirar Antonov, aka yi kwanaki ana jigilar motoci ta sama zuwa Libiya. A ƙarshen 2007 aka kashe Faransawa huɗu masu yawo a Murtaniya. Saura kwana guda a tashi aka soke tseren 2008 gaba ɗaya. Daga 2009 aka kai shi Amurka ta Kudu, daga 2020 aka kai shi Saudiyya. Sunan Dakar kawai suka tafi da shi. Ban ga laifin mutum don ya tsare ransa ba. Abin da nake cewa shi ne, ashe tseren yana tsayuwa in an so.

An kuma yi tseren cikin gari a Afirka irin na Monako, da shinge da masu tuta. An yi a Marrakesh ta Maroko tun daga 2009, an yi na motoci masu lantarki a birnin Kef na Afirka ta Kudu a 2023. Wato ba a ce baƙar fata ba ya iya rufe titinsa ba.

Mu dawo gida

Yanzu da sauƙi mu zagi Bature mu tashi. Amma tseren da ke kai mutane asibitin Gaya ba daga Paris ya taso ba.

Kwaltar da ta fito daga Doso, kilomita wajen 150, tana ratsa Bela da Malgoru, ta shigo gari, ta nufi gada. Shekara da shekaru, har zuwa rufe gadar Malanbil a 2023, ita ce babbar hanyar kayan Kwatano. Ga hanyar Kamba. Ga masu ɗauko mai a jarkoki bisa babur, suna gudu don kada duwan ta tare su. Ga ƴan kabu-kabu na rige-rigen fasinja. Ga kuma ranar ɗaukar amarya, samari su jeru da babura, wannan ya saki hannu, wancan ya miƙe tsaye, wani ya ɗaga ƙafar gaba, duk a tsakiyar gari, a kan titin da ƴan makaranta da masu talla ke bi. Wannan tsere ne na cikin gari. Amma ba irin na Monako ba ne, irin na 1903 ne. Ba wanda ya tambayi tsohuwa mai kwaryar fura ko ta yarda.

Ga wani lissafi, ku yi shi bisa allo a ajin yaƙi da jahilci. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a daƙiƙa guda. Taku kusan 40 ke nan na babban mutum. Kafin direba ya ga yaro, ƙafarsa ta kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce. Mai gudun kilomita 30 kuwa mita 8 yake ci a wannan lokaci. Kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ja bayan an taka birki ninki huɗu yake yi. Ba gwaninta ke sake wannan lissafi ba, ba laya ba.

Abin mamaki, mun riga Monako sanin dabarar. Ku dubi sukuwa. Ranar hawan salla ba a sakin dawaki cikin kasuwa. Sarki ne ke sa rana, sanƙira ya yi shela, dogarai su kore mutane gefe, sannan mahaya su ɗauko linzami. Mai son kallo ya zo da ƙafarsa, ya san inda zai tsaya. Ku dubi kokowa. Tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, fili ake keɓewa, a yi da'ira da buhunan rairayi, alƙali na ciki, ƴan kallo na waje. Ba a taɓa jin ɗan kokowa ya kayar da mai wucewa ba. Sai da inji ya zo muka manta da wannan tsari, kamar babur bai fi doki gudu ba.

Samari ba za su daina son gudu ba, hana su ma ɓata baki ne. Ni ina ganin a ba su wuri. Magajin gari da sarakuna da shugabannin ƴan kabu-kabu su zauna, su zaɓi fage bayan gari, nesa da kwalta da rijiya. A sa rana, a faɗa a rediyo da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci. A ja igiya biyu, tsakaninsu tazara, ƴan kallo bayan ta biyu. Ba mai shiga sai da hular kwano, ba goyo, ba yaron da bai isa ba. Jandarma su zo, a ajiye motar asibiti. Masu rake da masu soya kifi su kafa rumfa su ci kasuwa. Wanda kuma aka kama yana yin irin wannan wasa a titin gari ran biki, a riƙe babur ɗin, uban ango ya zo da kansa ya karɓa.